JINYAR TSOHO DA GAJIYAYYE: WA ZAI BIYA?

An yi wannan takarda domin masu gida da matan gida na ƙauyukan ƙasar Sakkwato. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a tsakar gida, gama magana ce da ta shafi kowa. Wanda ba shi da tsoho a gida yau, in Allah ya ja da rai, shi ne tsohon gobe.

Akwai wata tambaya da mutane su ke yawan kawowa ƙananan asibitoci. Mutum ya zo ya ce mahaifinsa ya shekara kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya juyawa sai an juya shi, rumbu kuwa ya yi ƙasa wajen sayen magani. Sai ya ce, shin babu wani gida a birnin Sakkwato inda gwamnati za ta karɓe shi, ta ci da shi, ta yi jinyarsa da kuɗinta? In kuwa babu, me gwamnati ta tanadar wa irinsa? To, ga amsar filla-filla.

GIDAN JINYAR TSOFAFFI

Watakila kun ji labari a rediyo, ko daga bakin matafiya, cewa a ƙasashen Turai akwai gidaje inda a ke kai tsofaffin da ba su iya kome da kansu, ma'aikata na yi musu wanka, suna ba su abinci da magani dare da rana. Gaskiya ne akwai su. Amma ko a can ba kowa gwamnati ke biya wa ba. A Ingila sai an ƙidaya abin da tsoho ya mallaka tukuna. In ya haura fam 23,250, shi zai biya da kansa, sau da yawa har da kuɗin gidansa a cikin lissafi. A Amurka kuma akwai wani shiri na masu ƙaramin ƙarfi mai suna Medicaid, wanda aka kafa a 1965. A yawancin jihohinsu ba ya ɗaukar jinyar tsoho sai ajiyarsa ta sauko zuwa dala 2,000, watau sai dukiyarsa ta kusa ƙarewa.

A nan Nijeriya, Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 16, ya sa kula da tsofaffi cikin manufofin gwamnati. Amma manufa ce, kotu ba ta tilasta a cika ta. A 2018 aka sa hannu a dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a Abuja, a 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da tsarin kula da masu manyan shekaru. Duk da haka babu dokar da ta ba mutum ikon ya kai tsohonsa wani gida, gwamnati ta riƙe shi da kuɗinta har ƙarshen ransa. Akwai 'yan gidajen gajiyayyu a waɗansu birane, kamar na Shahuci a Kano da na Yaba a Ikko, amma kaɗan ne ƙwarai, an kuwa yi su ne musamman domin waɗanda ba su da kowa.

Saboda haka ku riƙe wannan magana, ita ce gindin wannan takarda: abin da gwamnati ta ke iya biya shi ne ganin likita da magani. Jinya, watau wanka da ciyarwa da juyawa da kwanan zaune, tana wuyan iyali. Taimakon maganin nan kuma ƙofofi gare shi, ko wace da sharuɗɗanta.

ƘOFA TA FARKO: ASUSUN KULA DA LAFIYA

A 2014 shugaban ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Dokar ta ce a ware aƙalla naira 1 cikin ko wace naira 100 ta babban asusun gwamnatin tarayya, a zuba a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko. An fara sa kuɗin nan a kasafin 2018, aka fara sakinsu ga jihohi a 2019. Ga yadda dokar ta raba ko wace naira 100 ta asusun: 50 don biyan kuɗin maganin waɗanda aka yi wa rajista, 20 don sayen magunguna da alluran rigakafi, 15 don gyaran ƙananan asibitoci da kayan aikinsu, 10 don ma'aikata, 5 don taimakon gaggawa.

A 2022 shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya. Ita ce ta lissafa waɗanda a ke kira masu rauni, waɗanda ya kamata a biya musu: yara 'yan ƙasa da shekara 5, da mata masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu na jiki ko na hankali, da matalauta. Ka ga ke nan tsohon da ke kwance ba shi da hali ya shiga ta fuska biyu ko uku.

A jiharmu, hukumar da ke rubuta sunaye, ta kuma biya asibitoci, ita ce Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Sakkwato, wadda a ke kira SOCHEMA. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. Abin da a ke nufi shi ne ko wace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya da ke cikin shirin. Wanda sunansa ya shiga, ba ya biyan kome don rajista. Hukuma ce ke biyan asibitin mazaɓarsa a madadinsa.

Amma ku lura da abu ɗaya. Shiga cikin masu rauni dabam, samun gurbi dabam. Kuɗin asusun ba su kai yawan mabukata ba, don haka a kan ba ko wace mazaɓa gurabe ƙididdigaggu, a kan kuma rubuta sunaye lokaci lokaci. Wanda bai shirya ba ranar da masu rajista suka zo, sai ya jira wani zagaye.

YADDA ZA KA SHIRYA

1. Ka yi wa tsohonka lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, tun yana iya hawa babur. Yin ta kyauta ne, amma dole mai ita ya bayyana da kansa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ɗaukar wanda jikinsa ya shanye zuwa ofishin rajista wahala ce babba gare shi da ku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa. A madadinta a kan yi takardar rantsuwar shekaru a kotu. Ka tabbata sunan da shekarun da ke cikinta sun yi daidai da na NIN, gama saɓanin harafi ɗaya ya kan jawo kai da kawowa.

3. Ka je wurin shugaban asibitin mazaɓarku, ka tambaye shi ko asibitin yana cikin shirin, da lokacin da za a sake rubuta sunaye. Ka sanar da mai unguwa da hakimi halin da tsohon ya ke ciki, haka kuma 'yan kwamitin ci gaban mazaɓa, don su a kan nema su nuna mabukata.

4. In masu ƙidayar gidajen masu ƙaramin ƙarfi suka zo garinku, ku faɗi gaskiyar halinku. Kada kunya ta sa ku ɓoye talauci, kada kuma kwaɗayi ya sa ku ƙara gishiri. Daga irin wannan rajista a kan ɗebo sunaye.

5. In an ba ku kati ko lamba, ku sa a leda ku adana tare da takardun gona.

ABIN DA KATIN KE BIYA, DA ABIN DA BA YA BIYA

Katin yana biyan ganin ma'aikacin lafiya a asibitin da aka rubuta muku, da awon jini, da gwajin sukari, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da sauran cututtuka na yau da kullum, gwargwadon jerin magungunan da hukuma ta amince da su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho. Hawan jini shi ne babban abin da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, maganinsa kuwa ba a daina sha don an ji sauƙi. Ƙwaya ɗaya ko biyu kullum ta fi shekara uku ta kwanciya arha.

In ciwon ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, ma'aikaci zai rubuta takarda ya tura ku gaba: babban asibitin ƙaramar hukuma, daga nan in ta kama, Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada ku tsallake wannan takarda. Wanda ya ɗauki maras lafiya ya wuce birni kai tsaye ba tare da ita ba, in dai ba ciwon gaggawa ba ne, zai iske shi zai biya daga aljihunsa.

Katin ba ya biyan kuɗin mota, ko abincin mai jinya, ko ladan wanda zai zauna da tsohon. Kwanciyar asibiti ma kwanakinta ƙayyadaddu ne. Gadon asibiti na wanda magani zai tayar ne. Sa'ad da likita ya ga ya yi iyakar abin da asibiti ke iya yi, zai sallame ku ku ci gaba a gida, ko da maras lafiyan bai miƙe ba. Kada ku ɗauki wannan a kan wulaƙanci, wani ne ke jiran gadon.

Wanda bai sami gurbin kyauta ba yana iya biyan kuɗin shekara da kansa, ko wani ya biya masa. In kana da ɗa ko ƙane a birni, wannan yana cikin alheri mafi amfani da zai yi wa iyayensa. Ku sani kuma, inshorar ma'aikacin gwamnatin tarayya tana ɗaukar shi da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Iyaye ba sa ciki, sai in ya ƙara biyan wani abu dominsu.

ƘOFA TA BIYU: ZAKKA DA WAƘAFI

Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda doka ta kafa a 2016. Kafin nan kwamiti ne. Kuɗinta suna fitowa daga gwamnatin jiha da zakkar masu hali da abin da bayin Allah su ke bayarwa waƙafi. Tana da kwamitoci a gundumomin iyayen ƙasa. Cikin ayyukanta akwai biyan kuɗin magani ga marasa lafiyan da ba su da hali, da taimakon masu taɓin hankali, da rabon hatsi ga mabukata.

Sharaɗinta shi ne na shari'a. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, matalauta da miskinai su ne na farko, masu bashi ma suna ciki. Saboda haka tsohon da ke da 'ya'ya masu wadata ba shi ne a gaba ba. Na gaba shi ne wanda ba shi da ɗa, ko 'ya'yansa ba su da abin da ya wuce bakinsu. In za ka nema, ka bi ta hannun hakimi da kwamitin gundumarku, ka tafi da takardar likita mai nuna ciwon da kuɗin maganin. Baki kawai ba ya isa, gama masu nema suna da yawa.

ƘOFA TA UKU: MAGANIN DA KE KYAUTA GA KOWA

Akwai cututtukan da ba a tambayar kati ko shekaru kafin a ba da maganinsu. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke cikin shirinsa, a kan sha shi wata shida. Tsohon da ya yi mako biyu yana tari, yana ramewa, yana gumin dare, a kai majinarsa a gwada, kada a ce tarin tsufa ne, domin jikokin da ke kwana ɗakinsa suna iya ɗauka. Maganin kuturta kyauta ne, asibitin Amanawa kuwa tun zamanin Turawa ya ke wannan aiki. Maganin ƙanjamau shi ma kyauta ne.

Har wa yau, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana ko wane asibiti ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa. Wannan bai yafe kuɗin da zai biyo baya ba, amma ya ce a fara ceton rai tukuna.

ƘOFA TA HUƊU: OFISHIN JIN DAƊIN JAMA'A

A manyan asibitoci akwai ma'aikatan jin daɗin jama'a. Aikinsu su binciki halin maras lafiyan da kuɗi suka gagare shi, su kai maganarsa gaban shugabannin asibiti ko masu taimako. Wani lokaci a rage, wani lokaci a yafe, wani lokaci a haɗa shi da mai biya. Ka neme su tun ranar da ka ga kuɗin za su fi ƙarfinka, kada ka bari sai ranar sallama.

Tsohon da hankalinsa ya rikice, yana fita da dare, yana manta 'ya'yansa, yana zargin mutane da sata, ciwo ne ke damunsa, ba maita ba ce. Kada a ɗaure shi, kada a doke shi. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, a kai shi a duba. Gigin tsufa ba ya warkewa, amma akwai cututtuka masu kama da shi waɗanda magani ke kawarwa, likita ne kuwa zai rarrabe.

Gwamnatin jiha kuma ta kan yi wa naƙasassu alawus. A zamanin gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, daga 2007 zuwa 2015, an riƙa ba waɗanda aka rubuta naira 6,500 ko wane wata. Irin wannan taimako ya kan sauya da sauyin gwamnati da ƙarfin kasafi. Ka tambayi sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku abin da a ke yi bana, amma kada ka ɗora tukunyarka a kansa.

ABIN DA YA RAGE WUYAN IYALI

Ko a babban asibitin birni, iyali ne ke kawo mai jinya, su kawo abinci, su wanke tufafi. Balle a gida. To, wa zai ɗauki nauyin?

Malamanmu sun yi bayani. In tsoho yana da dukiya, daga cikinta a ke fara yi masa hidima, da saninsa da yardarsa. Ba daidai ba ne a bar shi cikin wahala don a tsare gado. In ba shi da kome, ciyar da shi wajibi ne a kan 'ya'yansa masu hali, maza da mata, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ɗa ba ya ba iyayensa zakkarsa a madadin wannan ciyarwa, domin riga ta zama tilas a kansa.

Saboda haka tun ciwo yana sabo, babban ɗa ko baffa ya tara 'yan'uwa, har da na birni da na ci-rani ta waya. A faɗi abin da a ke kashewa ko wane wata, a raba, a sa mutum ɗaya amintacce ya riƙe kuɗin, ya riƙa rubutawa a littafi, ya adana rasiɗai. Rashin rubutu shi ke haddasa zargi tsakanin 'yan'uwa. A raba kwanakin jinya kuma. A yawancin gidaje mace ɗaya a kan bar wa aikin, matar ɗa ko 'yar da ke kusa, har ita ma ta kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo ƙarfinsa, ya ɗebo ruwa, ya yi wanki, ya karɓi kwana.

In ta kai ga sayar da wani abu, a fara da akuya da kaji da rarar hatsi. Gona da shanun huɗa su ne na ƙarshe, kada kuwa a taɓa su sai an tambayi likita a fili: shin wannan aiki zai tayar da shi, ko kuwa sauƙi kawai zai ba shi? Gidaje da yawa sun rasa gona a kan ciwon da ba ya warkewa, wajen bin masu tallan magani a kasuwa.

JINYA A GIDA

Tun da ya ke a gida tsohon zai zauna, ga abubuwan da ke rage wahala da kashe kuɗi:

1. A juya wanda ba ya iya juyawa bayan ko wane awa biyu, dama, baya, hagu. Kwanciya a gefe ɗaya ita ke kawo gyambo a ƙugu da duwawu da diddige. Maganin gyambo ɗaya ya fi kuɗin katifa.

2. A shimfiɗa masa abu mai laushi, a sa leda a ƙasa, zane a bisa. Da ya jiƙe a sake. A wanke fata da ruwa da sabulu, a tsane, a shafa mai.

3. Kada a ba shi abinci ko ruwa yana kwance. A tayar da shi zaune, a ba shi kunu ko fura mai kauri kaɗan kaɗan. In ya shaƙe, abinci ya shiga huhu, ciwon haƙarƙari ke biyowa.

4. A riƙa miƙar masa da hannu da ƙafar da suka shanye, a lanƙwasa a hankali, safe da yamma, don kada su sandare.

5. Ya kwana cikin gidan sauro. Da zafi, watannin Maris zuwa Mayu, a yawaita ba shi ruwa ko bai nema ba.

6. A rage gishiri da dunƙulen miya ga mai hawan jini, a kai shi awo, ko a roƙi ma'aikacin lafiya ya zo gida.

In kuka ga baki ya karkace farat ɗaya, ko magana ta sarƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi mai zafi da rikicewa, kada ku jira gari ya waye.

GARGAƊI

Duk wanda ya zo ya ce ku ba shi kuɗi ya sa sunan tsohonku cikin na kyauta, ku kai maganarsa ga hakimi. Kada ku ba baƙo lambar NIN ko ta banki ta waya. Kada a ara wa wani kati, don in an gane, mai shi ne zai yi hasara. In kun je da kati aka ce ku biya abin da ku ke zaton yana ciki, ku tambayi dalili cikin ladabi, ku karɓi rasiɗi, sa'an nan ku kai ƙara ofishin hukumar. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da za ka yi cikin makon nan shi ne ka dubi tsofaffin gidanka, ka ga wanda ba shi da NIN, ka kai shi a yi masa. Ranar kasuwa mai zuwa ka biya asibitin mazaɓarku a auna jininsa, ka tambayi ranar rajista. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.